Daga Jakada Zuwa Kansila: Tarihin Mulkin Ƙasar Ɗambatta



Waɗanda suka halarci taronmu na bara za su iya tuna 'yar hayaniyar da ta tashi a bakin teburin rajista. Sakataren ƙungiya ya kawo sabon littafi, ya ce kowa ya rubuta sunansa da shekarar da ya gama da kuma ƙaramar hukumarsa, domin a san yadda za a kasa rassa. Da layi ya zo kaina sai na ɗauki biro na rubuta Ɗambatta, kamar yadda na saba tun ina aji ɗaya. Nan take wani ɗan ajinmu, wanda muka yi shekara biyar gadonsa yana saman nawa, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Haba mutumina, har yanzu ba ka daina cin iyaka ba? Ai ƙauyenku a Makoɗa yake." Aka fashe da dariya, ni ma na yi, amma na koma gida maganar tana cina. Don kuwa shi gaskiya ya faɗa, ni ma kuma ban yi ƙarya ba.

Da na je ƙauye bikin sallah sai na sa aka fito mini da tsohon akwatin ƙarfe na mahaifina, Allah ya jiƙansa. A ciki akwai takardun harajinsa, an ɗaure su da zare shekara bi shekara, na farkon da sule da sisi, na ƙarshen da naira da kwabo, tun da a 1973 aka canja kuɗi. Na zauna ina juya su ina lissafi. Ƙauyenmu bai taɓa gusawa ko taki ɗaya ba, kukar da ke bakin masallaci tana nan inda na tashi na same ta, amma a ɗan rayuwata kaɗai an haife ni a Jihar Arewa, na yi firamare a Jihar Kano, na gama sakandare a Ƙaramar Hukumar Ɗambatta, na aurar da 'yata ta fari a Ƙaramar Hukumar Makoɗa, na wayi gari wata rana a Masarautar Bichi, sa'an nan aka sake mayar da ni Masarautar Kano. Ba wanda ya taɓa zuwa gindin kukar nan ya tambaye mu. Wannan shi ya sa da editan mujallarmu ya matsa mini in kawo rubutu, na ce to bari in bi sawun wannan ƙasa tamu tun daga tushe.

Ga wanda bai san wurin ba, Ɗambatta tana arewa da birnin Kano, tafiyar kamar kilomita 50 a kan hanyar Daura. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma kasuwarta ta ranar Lahadi sananniya ce wajen dabbobi. Idan ka wuce garin ka ci gaba da yin arewa, ba ka jimawa za ka shiga ƙasar Kazaure, wato Jihar Jigawa ke nan. Mutane da yawa suna zaton wannan iyaka soja ne suka shata ta a 1991. Alhali kuwa ta girmi soja, ta girmi Bature ma.

Ga yadda abin yake. Bayan da masu jihadi suka kori Sarkin Kano Alwali a 1807, Sulaimanu ya zama sarki, ya yi mulki har ya rasu a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo. A lokacin akwai wani jarumin Bafillace mai suna Ɗantunku da ya yi ƙarfi a wannan yanki na arewacin Kano, zamansa kuwa a Ɗambatta ne. Ɗantunku ya ce shi ba zai bi Dabo ba. Aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru, har daga ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, aka bar wa Ɗantunku ƙasarsa, wadda ita ce ta zama Masarautar Kazaure, Ɗambatta kuma ta tsaya a hannun Kano. Saboda haka duk lokacin da motarku ta wuce allon nan mai yi muku maraba da zuwa Jigawa, ku sani ragowar rigimar shekara 200 kuka tsallake.

Gidan da aka san ƙasar Ɗambatta da shi kuwa shi ne na Dambazawa, zuriyar Malam Dabon Dambazau, ɗaya daga cikin manyan malaman da suka jagoranci jihadi a Kano, tare da irin su Malam Bakatsine da Malam Jibir da Malam Jamo. Sarautar gidan ita ce Sarkin Bai. Ba ƙaramar sarauta ba ce, domin Sarkin Bai yana cikin mutum huɗu masu zaɓen Sarkin Kano, sauran su ne Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Mu da muka yi karatu a zamanin nan mun haddace su da garuruwansu kamar karatun allo: Madaki Dawakin Tofa, Makama Wudil, Sarkin Bai Ɗambatta, Mai Tuta Gabasawa.

To amma a nan ne ɗalibi yakan yi kuskure, ni ma na daɗe ina yinsa. Sai mutum ya ɗauka tun fil azal hakimi a gundumarsa yake zaune, da ofishinsa da iyakarsa. Ko kusa ba haka ba ne. Kafin zuwan Turawa manyan masu sarauta a birni suke, kusa da fada, inda idon sarki yake kansu, su ma idonsu yake kan sarki. Garuruwan da aka ba kowannensu kuwa ba a haɗe suke ba, a warwatse suke kamar an watsa wa kaji tsaba: wannan gari na Madaki, na kusa da shi na Galadima, na gaba kuma na wani bawan sarki. Wanda talaka ya sani shi ne jakada. Shi ke zuwa daga birni da saƙon ubangidansa, ya sauka gidan mai gari, ya karɓi kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da jangalin shanu, inda ake rini ya karɓi kuɗin karofi, ya ɗora wuri a kan jakuna ya koma. Abin da ya maƙale a hanya tsakanin ƙauye da fada, wannan sai Allah. Su kansu sarakuna ba da wauta suka tsara abin haka ba, don wanda garuruwansa ke warwatse ba ya iya tara runduna wuri ɗaya ya yi tawaye. Darasin Ɗantunku bai ɓace musu ba.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato, suka naɗa Abbas. Da ƙura ta lafa, babbar damuwar Gwamna Lugga da mutanensa ita ce kuɗin gudanar da mulki, kuma suka ga ba yadda za su bi diddigin haraji muddin yana bin hannun jakadu ɗari. Razdan na Kano a lokacin, wani likita mai suna Kargil, shi ya ɗauki aikin tattara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna a dunƙule su wuri ɗaya, a ba mutum ɗaya, a ce masa ya tattara iyalinsa ya bar birni ya koma can da zama. Kanawa suka laƙaba masa suna Mai Gunduma. Kafin 1910 an yi nisa da wannan aiki. Ba da son ransu hakimai suka fita ba, domin a wajen wanda ya saba da zaman fada, tura shi ƙauye kusan kora ce. Bayin sarki da jakadu kuwa abincinsu ne aka taɓa.

Ina so 'yan'uwa su lura da wannan wuri, don shi ne ginshiƙin maganata. Gunduma ba don a kai wa talaka wani abu aka ƙirƙire ta ba, don a karɓo daga wajensa ne. Sauran abubuwa daga baya suka biyo. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai albashi maimakon kason da suke ɗiba, a farkon lamari rabin haraji ya tafi wa gwamnati rabi ya tsaya a En'e. Aka fito da malaman taki suna auna gonaki da ƙafa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma da yake Bature ya ƙi wuri sai sulalla, dole manomi ya shuka abin da kanti zai saya. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita a littafin labarin ƙasa, rabinta takardar haraji ce ta gina ta.

Tsanin da aka kafa a lokacin shi ne wanda muka tashi muka tarar: mai unguwa a ƙasa, sai dagaci, sai hakimi, sai sarki da majalisarsa, a gefe kuma ga Di'o da Razdan suna leƙe. A ƙofar hakimi akwai magatakarda da malamin haraji da dogarai, a garin akwai alƙali da 'yan doka, akwai malamin daji da malamin dabbobi da duba-gari, dukkansu ma'aikatan En'e. Kowace shekara akan yi ƙidaya, mai unguwa ya bi gida gida ya faɗi wanda ya balaga da wanda ya mutu da wanda ya tafi cirani, a rubuta. Da kaka ta yi sai karɓa. Ina iya tunawa mahaifina ba ya taɓa kuɗin buhun gyaɗarsa na farko sai ya kai na haraji, in kuwa zai shiga Kano sai ya ninke takardar ya cusa cikin hula, don ana iya tare mutum a hanya a ce ya nuna. Takardar nan ita ce katin shaidarsa, ita ce fasfonsa.

Ba sai na ɓata tawada wajen faɗin irin zaluncin da aka yi a ƙarƙashin wannan tsari a faɗin Arewa ba, manyanmu sun gani da idonsu. Aikin tilas, da shanya mutum a rana don ya kasa biya, da ƙirga wa Bafillace shanun da ba shi da su, duk an yi. Shi ya sa a watan Agusta na 1950 abu biyu suka faru kusan lokaci ɗaya. A Kaduna, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisa ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara. A Kano kuma waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu kuwa har da ɗan wannan ƙasa tamu, Malam Magaji Ɗambatta, wanda daga baya ya yi suna a aikin jarida. Gyaran ya zo, amma a hankali: aka yi dokar En'e ta 1954, aka kakkafa majalisun gunduma da na ƙauye, sai dai hakimi ne a kan kujera, kuma wuƙa da nama suna hannunsa.

A wannan shekara ta 1954 ne Sarkin Kano Sanusi na ɗaya ya naɗa Alhaji Mukhtar Adnan Sarkin Bai kuma Hakimin Ɗambatta. Ya kamata in ɗan tsaya a kansa, don kusan duk tarihin da ya rage a ƙarƙashin rawaninsa ya gudana. Ya yi wakilci a majalisar tarayya a jamhuriya ta farko, ya riƙe kwamishinan ilmi a gwamnatin Audu Baƙo, wato da yawanmu a makarantun da aka buɗe ko aka faɗaɗa a zamaninsa muka yi karatu. Da shi aka zaɓi Sarki Inuwa da Sarki Ado Bayero a 1963, da shi aka zaɓi Sarki Sanusi na biyu a 2014. Ya rasu a ƙarshen 2021. Ya hau sarauta lokacin da hakimi ne gwamnati a gundumarsa, ya kuma rayu har ya ga lokacin da hakimi ke jiran albashinsa daga hannun yaran da aka haifa yana kan gado. Allah ya jiƙansa.

Yadda ikon ya zube kuwa, ba rana ɗaya ba ne. A ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya rushe jihohi huɗu ya yi 12, tsohon Lardin Kano ya zama Jihar Kano mai masarautu huɗu: Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Cikin 'yan shekaru aka raba En'e da kotuna da gidajen yari da 'yan doka, wato aka zare mata haƙora. Sai kuma babban gyaran 1976, wanda Janar Murtala ya ɗauko, Janar Obasanjo ya ƙarasa. Aka ce daga yau tsari ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba, ƙananan hukumomi 301 a ƙasa baki ɗaya, 20 a Jihar Kano, Ɗambatta tana ciki. Aka ce kowacce kada jama'arta su gaza 150,000, kada kuma su wuce 800,000. Sarakuna aka ware musu majalisarsu ta ba da shawara, aka yi zaɓen kansiloli a ƙarshen shekarar.

'Yan ajinmu za su tuna muna aji huɗu a lokacin. Malaminmu na tarihi, wanda nake fatan yana karanta wannan, ya shigo da Gaskiya Ta Fi Kwabo a hammata, ya ajiye darasin daular Sanghai gefe, ya zana tsani biyu a allo. A na farko ya rubuta mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. A na biyu ya rubuta kansila, ciyaman, gwamna. Ya juyo ya ce, "To samari, rijiyar garinku ta rufta. Wanne za ku hau?" Aji ya rabu biyu, aka yi ta musu har aka kaɗa ƙararrawa, shi kuwa ya tattara allinsa ya fita bai ba mu amsa ba. Malam, ga shi yau saura kaɗan a cika shekara 50, ɗalibinka bai gama amsa tambayar ba.

A ganina abin da ya fi 1976 tasiri a ƙauye shi ne 1979. A shekarar ne Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Takarda ta ƙarshe a ɗaurin mahaifina ke nan. An yi murna, kuma murnar tana kan hanya, don fari na 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun riga sun karya manomi, ba abin da ya rage a tatsa. Ni ma da ina da ƙuri'a goma a lokacin da duk na ba da su. Amma shekaru sun nuna mini wani gefen da ban hango ba. Muddin kuɗin hukuma daga aljihun talaka yake fitowa, dole hukuma ta san talaka, ta ƙirga shi, ta san ko damina ta yi masa kyau. Shi ma kuma yana da bakin cewa ina kuɗina. Da kuɗin ya koma zuwa daga Ikko, daga baya Abuja, kason man fetur, sai fuskar ciyaman ta juya sama. Ba na cewa a dawo da haraji, kada wani ya tare ni a taro mai zuwa. Ina dai cewa igiyar da ta shaƙe mu ita ce kuma ta ɗaure hukuma a jikinmu, da aka yanke ta ba a saƙa wata ba.

Daga nan sai yayin gutsuttsurawa ya shigo, tun da kowace sabuwar ƙaramar hukuma sabon kaso ne. Gwamnonin jamhuriya ta biyu suka ƙirƙiro da yawa, Janar Buhari ya soke su a 1984 aka koma 301. Janar Babangida ya ƙara a 1989, ya sake ƙarawa a 1991, ya kuma ɗaga kason ƙananan hukumomi daga kashi 10 cikin 100 zuwa 15, daga baya 20. Janar Abacha ya cike su 774 a 1996, Kano ta tashi da 44. A cikin wannan yayi na shekarun 1990 ne aka yanki yammacin ƙasar Ɗambatta aka yi Ƙaramar Hukumar Makoɗa, mai sakatariya a Koguna, ƙauyenmu ya faɗa ciki. Kafin nan, ranar 27 ga Agusta 1991, an cire Jigawa daga Kano. Kazaure ta tafi, Ɓaɓura ma ta tafi, ita da take ƙasar Kano ce kuma gidan Dambazawa, aka sa ta cikin sabuwar Masarautar Ringim. Abokanmu da muka ci tuwo kwano ɗaya da su a ɗakin cin abinci suka kwana Kanawa suka tashi Jigawawa, waɗansu har aikinsu na gwamnati sai da aka mayar Dutse.

Yanzu bari in faɗi yadda ƙasar take a yau. Ƙaramar Hukumar Ɗambatta tana da mazaɓu 10: Ajumawa, Ɗambatta ta Gabas, Ɗambatta ta Yamma, Fagwalawa, Goron Maje, Gwanda, Gwarabjawa, Kore, Saidawa da Sansan. Makoɗa tana da 11, cikinsu akwai Koguna da Makoɗa da Maitsidau da Satame da Wailare da Jibga. A ƙidayar 2006 kowacce daga cikin biyun ta haura mutum 200,000, wato 'yar da aka cire ta kamo uwar. Abin dariya kuma, bayan an raba mu sai aka sake haɗa mu, domin kujera ɗaya muke da ita a majalisar wakilai ta tarayya, mazaɓar Ɗambatta da Makoɗa, a majalisar dattawa kuma muna Kano ta Arewa.

Kowace mazaɓa tana fitar da kansila ɗaya, kansiloli su ne majalisa, ciyaman da mataimakinsa su ne masu zartarwa. A sakatariya akwai sashen mulki da na kuɗi da na ayyuka da na lafiya da na gona da na walwalar jama'a, makarantun firamare kuma suna ƙarƙashin sakataren ilmi. Tsarin mulkin 1999 ya jera aikin ƙaramar hukuma dalla dalla: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da sa hannu a ilmin firamare da lafiya da noma. Duk abin da ya shafi rayuwar mutumin ƙauye daga haihuwa zuwa kabari yana cikin jerin nan. Sai dai shi wannan tsarin mulki ya ce kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma kowa ya san abin da hakan ya haifar a jihohi da dama, ga kuma al'adar naɗa kantoma maimakon yin zaɓe. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa nasa ba. Hukunci dai an yi shi a takarda. Ni sai na ga famfon bakin kasuwarmu yana zubar da ruwa zan ce ya iso.

Tsohon tsanin kuwa yana nan bai faɗi ba, ko da yake tsarin mulki bai ba shi aikin komai ba. Na ga haka da idona shekarar da jikana zai shiga jami'a, aka ce sai ya kawo takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Yaron a birni aka haife shi, ƙauyen sai da sallah. Ya ce mini, "Alhaji, ba sakatariya za mu wuce ba?" Na ce a'a, daga ƙasa ake hawa. Muka je ƙofar mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga jikanka na kawo." Ya dube shi sau ɗaya ya ambaci sunan mahaifina, ya faɗi gonar da muke iyaka da tasu, ya sa hannu. Daga nan sai dagaci, sai ofishin hakimi, sa'an nan muka isa sakatariya, inda wani saurayi mai ladabi ya buga takardar a kwamfuta ya danna hatimi. Saurayin nan bai san mu ba, ba kuma laifinsa ba ne, sa hannun mai unguwa ya gaskata. Haka abin yake a rikicin gona, da rabon gado, da sulhun manomi da makiyayi, da rigakafin shan inna, da cigiyar baƙon da ya sauka a gari da dare. Mai kuɗin bai san mutane ba, wanda ya san mutanen ba shi da ko kuɗin man babur. Daɗin daɗawa iyakar mazaɓa ba lallai ta dace da iyakar dagaci ba, sai ka ga kansila ɗaya da dagatai uku, ko ƙasar dagaci ɗaya ta ratsa mazaɓa biyu.

Wanda ke zaton wannan tsani ya mutu, abin da ya faru daga 2019 ya isa ya farkar da shi, don ba a faɗa a kan mushe. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka sa Ɗambatta da Makoɗa a ƙarƙashin Bichi. Sai ga wani ƙulli da ba a taɓa gani ba: Sarkin Bai da Madaki masu zaɓen Sarkin Kano ne, amma gundumominsu sun fita daga Masarautar Kano. Kafin shekarar ta ƙare Masarautar Bichi ta sanar da sauke su daga hakimci, dattijon da ya shekara 65 a kan kujerar yana ciki. A watan Mayu na 2024 kuma gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, ƙasarmu ta koma Kano, aka kuma shiga shari'a a kan sarautar birnin. A ƙungiyarmu akwai masu goyon bayan kowane ɓangare, kuma ina son in ci gaba da cin shinkafar taro da kowa, saboda haka ba zan ce ga mai gaskiya ba. Abin da na lura da shi kawai, a duk jerin nan, daga Mai Gunduma zuwa yau, alƙalamin da ke shata iyakarmu a birni yake, mu sai dai mu ji a rediyo.

Sauran maganar rajista. Na je na sami sakatarenmu a gida na ce ya ba ni littafin. Na soke abin da na rubuta, na sa Makoɗa, don ita ce a takardar jikana, kuma can ne zan kai kuka idan rijiya ta rufta. Amma a ƙarƙashi na ƙara da ƙananan baƙaƙe: tsohuwar ƙasar Ɗambatta. Na kuma ba shi shawara, wadda nake maimaitawa a nan don kwamiti ya duba kafin taro mai zuwa, cewa kada a kasa rassanmu bisa ƙananan hukumomi 44 da 27 na Jigawa, don in aka yi haka wani reshen mutum biyu ne, ɗaya ciyaman ɗaya ma'aji. A yi reshe ɗaya na hanyar Daura, ya kwashi Ɗambatta da Makoɗa da Kazaure da Ɓaɓura, tun da dai mota ɗaya muke shiga ranar hutu. Shi kuma mutumina mai gadon sama, na yi bincike a kansa: garinsu ma a 1996 aka yanke shi daga inda yake rubutawa, kuma na ga abin da ya sa a littafin.